Mai Bin Auta a Garki

Agege, Legas
3 ga Nuwamba, 1991

Zuwa ga bawana Sale,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga uwargijiyarka da ka manta da ita tun bikin Batulu a Zariya. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da kasuwa. Mu nan sai godiya, jinin Baba ne ya ɗan hau a watan jiya amma ya sauka. An ce ka yi tumbi a kasuwar Wuse, kana sayar wa ma'aikatan gwamnati bokiti da labule. Allah ya ƙara buɗi, amma ka tuna kai ɗan mace ne ni 'yar namiji, ko ka zama Alhaji bawana ne kai.

Maganar ƙanena Nasrullahi ce ta sa na neme ka, wanda muke kira Auta. Ka san a bayana ya girma bayan rasuwar Inna. Tun damina ma'aikatarsu ta kwashe su zuwa Abuja don su shirya ofis kafin manya su tare, aka ba shi gida a Garki. Da farko takardarsa ba ta yankewa, yana aikowa ta hannun Sabo, direban babbar motar da ke jigilar kujeru da kabad na ma'aikatar. Ya yi ta ba ni labarin tituna masu faɗi da fitilu reras, babu kowa a kai. Yanzu shiru kake ji. Sabo ya ce ya rame, ya bar suma, kuma da ya miƙa masa dambun naman da na aika, sai ya shinshina ya mayar masa. Auta fa, wanda har hankicinsa sai ya goge kafin ya fita.

Raina bai kwanta ba. Ko wata ce ta kama shi, ko abokan banza, ko kuma wani a ofis ya yi masa hassadar gidan, don an ce rububin gidaje ake yi a can kamar a ci juna. Ka je ka gan shi. In bai sake da kai ba, ka riƙa lura da shi daga nesa, ka ga inda yake zuwa da waɗanda yake hulɗa da su. Amma don Allah kada ya sani. Ba zan iya tsare namiji kamarsa da tambaya ba, yana da zuciya, in ya ji na sa a bincike shi zai ce har yau yaro na ɗauke shi. Baba ma kada ya ji. Ka ba Sabo amsa, ya san rumfarka.

Taka,
Mashkura

Wuse, Abuja
17 ga Nuwamba, 1991

Zuwa ga uwargijiyata ta ƙarfi da yaji,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, har da zagin da ke ciki. Muna lafiya, tumbin kuma ƙarya aka yi mini, babbar riga ce. Ki gaishe da Baba da jiki, ki gaishe da maigidan da ya iya zama da ke.

Na je ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Bene ne sabo fil, kusan duk ƙofofin a kulle, an manna sunayen masu su amma su suna can Legas. Takun ƙafata kaɗai nake ji. Na daɗe ina sallama kafin ya buɗe, shi ma ɗan kaɗan, iyakar fuskarsa. Da ƙyar na gane shi. Na ce ni ne Sale na Gwaggo Dije, bai amsa gaisuwar ba, ya ce, "Wa ya ba ka lambar gidana?" Na ce ai dangi ba ya ɓacewa dangi. Idonsa ba a kaina yake ba, bayana yake kallo, har sai da na waiwaya. Ta gefen ƙofar na hango ya liƙe tagogi da tsofaffin jaridu, ɗakin kuma yana warin rashin buɗewa. Sai ya ce, "Ka gaya musu ban taɓa fayil ɗin ba." Na ce su wa? Ya rufe ƙofa.

To sai na koma ga shawararki ta biyu. Kafin in buɗe rumfa nakan tsaya a kwanar layinsu da safe. Ba ya shiga motar ma'aikata, a ƙafa yake tafiya sakatariya, yana tafe yana motsa baki, wani lokaci ya yi murmushi, wani lokaci ya tsaya cak kamar an kira sunansa. Maganar mace ki cire ta a ranki, ba macen da za ta kula mutum da wannan sumar. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga wiwi, ko da yake ban ga leɓensa ya yi baƙi ba, ban kuma gan shi da ko sigari ba.

Mutum ɗaya ne na ga yana raɓarsa. Maigadin benen ya ce sunansa Thaddeus, ɗan wajen Kwali ne, ofishinsu ɗaya, a hawan ƙasa yake. Na gan shi yana hawa sama da kwanon abinci a rufe. Ban san abin da ke tsakaninsu ba, ban kuma yi masa magana ba don kada zance ya koma. Zan ci gaba da lura.

Bawanki na dole,
Sale

Garki, Abuja
15 ga Disamba, 1991

Yaya Mashkura,

Kada ki karanta wannan kusa da rediyo. Ina gaisuwa. Ina lafiya, barci ne kawai babu, na manta rabona da shi.

Ranar Alhamis gwamnati ta tare, kin ji an buga bindigogi. Mai magana a rediyo ya ce an miƙa mabuɗin birni. Da ni yake, don a ranar na canza kwaɗon ƙofata, kuma ba wanda na gaya wa. Gidan da ke manne da nawa babu kowa, a kulle yake, amma mutum biyu ne a ciki. Duk abin da na yi sai ɗaya ya gaya wa ɗayan. Ya tashi. Ya sha ruwa. Ga shi nan yana rubutu. Yanzu ma sun faɗa. Wani lokaci kafin in gama tunani sun riga sun ɗauke shi, sai in tsaya ban san me zan ce ba. Abinci duk ɗanɗanon ƙarfe yake yi. Sun ce wai na ɓatar da fayil a hanyar Legas, ni kuwa ban taɓa shi ba.

Yaya, ni ba wawa ba ne. A watan jiya na ce wa kaina, Nasrullahi, ƙila gajiya ce, ƙila kanka ne ya yi zafi, bango ba ya magana. Har na karɓi katin asibitin ma'aikata, na ce zan je in gaya wa likita. Sai na ga mutumin. Kullum da safe yana kwanar layinmu a kan babur, da hular kwano ya rufe fuska. In na tafi ya biyo ni, in na tsaya ya tsaya. Murya tana iya zama ta cikin kai, amma babur fa? Yana hayaƙi, kare ma ya yi masa haushi a gabana. Da na ga haka sai na yaga katin. Tunda shi gaskiya ne, to sauran ma gaskiya ne.

Ke kaɗai na yarda da ke. Kada ki gaya wa kowa.

Auta

Agege, Legas
20 ga Disamba, 1991

Sale,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Yau ba wasa a bakina.

Auta ya rubuto, na karanta. Ba wiwi ba ne, ka nemi gafararsa. Bibiyarsa ake yi. An ɗora masa laifin ɓatan wani fayil, an sa masu saurarensa a gidan da ke jikin nasa, kuma akwai wani mutum da ke binsa duk inda ya sa ƙafa. Ka san zamanin da muke ciki, nan Legas mun ga waɗanda aka ɗauke da rana tsaka har yau ba labari. Wasu maganganunsa dai ban gane kansu ba, na ce ko tsoro ne, ko kuma iskokin wurin, tunda daji ne aka sare jiya jiya aka dasa benaye ba tare da an nemi tsari ba.

Wannan Thaddeus ɗin ban yarda da shi ba ko kaɗan. Me ya haɗa shi da cikin ɗan mutane da zai riƙa kai masa abinci? Auta ya ce abincinsa ɗanɗanon ƙarfe yake yi. Ka haɗa wannan da wancan. Ƙila shi ne ɗan rahoton, ƙila kuma gidan sama yake so.

Ga abin da nake roƙonka. Tsayuwar safe ba ta isa ba. Ka bi shi safe da yamma, tafiya da dawowa, ka buɗe ido har ka gano mai binsa. In ka ga fuskarsa, maigidana yana da wanda ya sani a sama. Ka yi don zumunci, ba ni da kowa a garin nan sai kai.

Mashkura

Wuse, Abuja
12 ga Janairu, 1992

Mashkura,

Wa alaikumus salam. Mu lafiya lau. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Na yi yadda kika ce. Na bar wa maƙwabcina rumfa, na bi Auta safe da yamma. Ba wanda ban zarga ba a titin nan. Mai lemo na bakin sakatariya na sa masa ido har ya tambaye ni ko mun taɓa haɗuwa. Wani mai farar fijo na bi shi har Nyanya, ashe matarsa ya je ɗaukowa. Ban ga kowa yana bin ƙaninki ba. Shi kuwa kullum ƙara lalacewa yake, ya daina bin titi sosai, sai ya ratsa ta cikin ciyawa, yana waige.

Ranar Talata yana dawowa daga ofis, ina can baya, sai ya tsaya. Na tsaya. Ya juyo ya nufo ni kai tsaye, ba gudu ba, kamar wanda ya gaji da rayuwarsa. Na rasa abin yi. Ya zo ya sa hannu ya ɗaga gilashin hulata, muka haɗa ido. Bai yi ihu ba, a hankali ya ce, "Kai ne. Ashe har da na gida." Na buɗe baki zan yi bayani, ya riga ya faɗa cikin ciyawa da gudu, takalminsa ɗaya a titi.

A nan ne abin ya faɗo mini a rai. Mashkura, mutumin da ya ce yana binsa, a kan me ya ce yake? Ba ki gaya mini ba, ni kuma ban tambaya ba. In a kan babur ne da hular kwano, to basfata ce shuɗiya, kuma kan da ke cikin hular nawa ne. Ni na yi ta neman kaina a titunan Garki, na bar kasuwata.

Tun ranar bai kwana a gida ba. A ofis sun ce bai zo ba. Na nemi Thaddeus don in cire kunya in tambaye shi, maigadi ya ce ya ɗauki hutu ya tafi ƙauye. Na duba tasha, na duba masallatai, na duba asibiti har ɗakin da ba a son ambata. Babu shi. Ina jin kunyar kaina, kuma ina jin haushinki.

Sale

Agege, Legas
19 ga Janairu, 1992

Sale,

Salamu alaikum. Ba ni da lafiya, amma ba ta jiki ba.

Na riga ka ganewa. Bayan na aika maka waccan, Sabo yana hira ya ce ya gan ka a kan basfa da hular kwano kamar ɗan sama jannati. Na koma na sake karanta takardar Auta, na zauna a ƙasa. Nan take na rubuta maka ka daina. Motar Sabo ta lalace a Lokoja, aka janyo ta baya, jiya ya dawo mini da takardata tare da taka da wani direba ya ba shi.

Amma kai ma wane irin mutum ne? Wa ya ce ka rufe fuska kamar ɗan fashi? To, na bar wannan. Ka nemo ƙauyen Thaddeus. Mutum ya ɓace, maƙwabcinsa ya ɗauki hutu a mako guda, kai ba ka ga komai a ciki ba? Kada ka kai maganar ga 'yan sanda, za ta isa ofis a kore shi. Kuma ko a wuya aka sa maka wuƙa kada ka ce ni na sa ka. Ya rubuta da hannunsa cewa ni kaɗai ya yarda da ni. In wannan ta rushe ba shi da kowa. Baba yana tambaya, na ce aiki ne ya yi masa yawa.

Mashkura

Wuse, Abuja
8 ga Maris, 1992

Uwargijiyata,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Saƙon baki da na ba Sabo cewa an ga Auta na san ya iso, ga cikakken bayani yanzu da na samu zama.

Ƙauyen yana gaba da Kwali kaɗan. A motar haya na je, basfa tana gida a rufe da buhu. Na aika a kira mini Thaddeus bakin hanya. Da ya ji ko ni wane ne sai ya riƙe baki ya ce, "Oga, so na you be mai machine? Wannan yaro ta zo ƙofana ba takalmi, tana rawan jiki, ta ce 'yan'uwanta sun sayar da shi. Ina zan kai shi? Na kawo shi wajen Mama." Na tambaye shi maganar abinci, ya ce, "Mutum tana mutuwa da yunwa a saman kaina, I go just dey look?" Mutumin da kika ce ɗan rahoto ne ke nan.

Uwarsa Elizabeth maginiyar tukwane ce. A gaban Auta take tono doya ta dafa, ta fara ci, sannan ya ci. Thaddeus ya ce in zo in leƙa shi ta bayan rumbu ba zai gan ni ba. Na ce a'a, na yi leƙen da zai ishe ni har in mutu. Thaddeus ne ya zauna da Auta ya tambaye shi ƙeƙe da ƙeƙe me yake ji, Auta ya gaya masa, har ya ce mutanen biyu sun biyo shi ƙauye suna magana daga cikin tulu. Thaddeus ya ce shi bai ji ba, amma ya ga yana wahala, su je wurin likita ko barci ya samu. Bayan kwanaki ya yarda, suka tafi asibitin ƙwaƙwalwa a Kaduna. Na bi su a wata mota daban, na ga likitar ni kaɗai a matsayin dangi.

Ta ce sunan abin saikosis, wato hankali ya daina rarrabe abin da ke cikin kai da abin da ke waje. Muryar da yake ji, ta ce ba ƙarya yake yi ba, jinta yake tangaran kamar yadda nake jin tata, sai dai ƙwaƙwalwarsa ce ke yin ta. Haka ɗanɗanon ƙarfen, haka rediyon da yake gani da shi take. Kuma in abu ya kafu a ran mai wannan ciwo, musu ba ya cire shi. Ta ce barin wanka da guje wa mutane su ne suka fara zuwa, a lokacin ya kamata a kawo shi. Na tambaye ta wiwi, ta ce yana jawo shi ga wasu, haka ƙwayoyi da zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, amma ba su ga alamar ko ɗaya a jikinsa ba. Ta fi zargin kaɗaici da rashin barci da nauyin aiki, an cire matashi daga cikin hayaniyar gidansu an ajiye shi a bene shi kaɗai. Sai ta ce ko akwai mai irinsa a dangi? Na san ba a faɗa a gidanmu, amma na gaya mata labarin Kawu Maitama da aka rufe a ɗakin bayan gida a Zariya. Ta ce ana iya gadon saurin kamuwa, ba dole ba ne ya fito, kuma da Kawu ya samu magani da ƙila ya yi zamansa cikin mutane. Na yi kuka a gabanta, ni da gemuna.

Magani ya karɓe shi. Yana barci, ya yi aski, muryoyin sun yi nisa. Thaddeus da ke zuwa duba shi ya ce yanzu aikinsa ɗaya, tantancewa. Yakan tambaya, kaza ya faru ko ciwo ne? A gaya masa, ya gyaɗa kai. Saura abu guda. Auta ya ce komai ya dusashe ban da mai babur, kuma ya ga fuskar Sale a cikin hular. Likita ta lissafa wannan cikin alamun ciwo, don ban gaya mata ba, saboda ke. Thaddeus ma na roƙe shi ya yi shiru. Yanzu Auta ya ce ɗayan biyu ne, ko maganin ba ya aiki, ko dukanmu ƙarya muke yi masa, kuma ya fara ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe. Ki ba ni izini in faɗa masa.

Sale

Agege, Legas
16 ga Maris, 1992

Sale,

Wa alaikumus salam, ya ibada. Na yi sujada da na ji yana barci. Ka yi wa Thaddeus da mahaifiyarsa godiya, na ɗauki alhakinsu, Allah ya yafe mini. Maganar Kawu kuwa ka yi gaggawa, yaron nan aure zai nema wata rana.

Izini ban ba ka ba. Yanzu ya fara samun kansa za ka je ka ce masa lallai an bi shi? In ya ce to sauran ma gaskiya ne fa, kamar yadda ya faɗa a da? Ka sayar da basfar nan, ka je da fuskarka ka ce ba ka taɓa hawa babur ba. Zai manta, ai ya manta na cikin tulu. Na san za ka ce kaina nake karewa. Ko da haka ne, ni na goya shi, ba zan iya jure ya kalle ni yadda ya kalle ka ba.

Mashkura

Wuse, Abuja
29 ga Maris, 1992

Mashkura,

Salamu alaikum. Muna lafiya, azumi ya yi nisa. Bawanki ya yi miki tawaye, ki yi haƙuri.

Na koma Kaduna na fara gaya wa likita komai. Ta ajiye alƙalami. Ta ce mutum yana ƙoƙarin koyon yarda da idonsa, mu kuma muna gaya masa abin da ya gani daidai ciwo ne, to da me zai auna sauran? Ta ce a faɗa masa, a gabanta.

Aka shigo da shi. Ya yi fari ya ɗan kumbura, hannunsa yana ɗan rawa saboda maganin. Da ya gan ni ya tsaya a bakin ƙofa. Na ce, "Nasrullahi, ni ne mai babur. Basfa shuɗiya, hular kwano, kwanar layinku. Ni ka ɗaga wa gilashi. Idonka bai yi maka ƙarya ba." Ya zauna a hankali. Ya ce, "Har da ranar da kare ya yi haushi?" Na ce har da ita, baƙin kare ne, ya kusa cizona. Sai ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa, na ɗauka shi ke nan na rusa komai. Da ya ɗago ya ce wa likita, "To na cikin bangon fa?" Ta ce su ciwo ne. Ya dube ni, na ce na tambayi maigadi ya buɗe mini gidan, ba komai ciki sai ƙura da bokitin fenti. Ya ce, "To, na gane bambancin. Wannan ya zo ya zauna a gabana, su kuwa ba za su taɓa zuwa ba." Da aka kawo magani ya haɗiye, ya buɗe baki ya nuna wa nas ba tare da an ce ya yi ba.

Sannan ya tambaye ni wa ya aike ni. Na ce wannan ba a bakina zai ji ba. Bai sake tambaya ba, bai kuma ba ni hannu da zan tafi ba. Ban ga laifinsa ba.

Sale

Garki, Abuja
19 ga Afrilu, 1992

Zuwa ga Yaya Mashkura,

Assalamu alaikum. Barka da sallah, da fatan an yi lafiya. Ina gaishe da Baba da maigida da yara. An sallame ni, na koma aiki rabin yini. Benenmu ya cika da mutane yanzu, gidan da ke jikin nawa wasu masu 'yan biyu ne suka tare, in na ji magana ta bango nakan fita in gaishe su. Ina shan magani, yana sa ni nauyin jiki da yawan barci, likita ta ce za a daɗe ana sha. Wani lokaci muryoyin sukan dawo can ƙasa ƙasa, na san su yanzu, nakan gaya wa Thaddeus.

Sale ya ƙi faɗin wanda ya sa shi. Ba sai ya faɗa ba. Mutum ɗaya ne a duniya zai damu da ni har ya tayar da ɗan kasuwa daga rumfarsa, kuma ya ji nauyin tambayata. Na san don ƙauna kika yi. Amma Yaya, katin asibiti yana aljihuna a lokacin. Da ɗayanku ya ce mini Auta me ke damunka, ina jin da na faɗa, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai. Na yi fushi, har yanzu da saura, ba zan ɓoye miki ba.

Ki gaya wa Baba gaskiya, ciwo na yi, ba abin kunya na aikata ba. In ba za ki iya ba zan rubuta masa da kaina. Likita ta ce abin yana iya dawowa, kuma na kusa da ni ne za su riga ni gani. Saboda haka ina buƙatarki, ko ina fushi ko ba na yi. In kin ji shiru daga gare ni, kada ki aiko kowa. Ki hau mota ki zo da kanki, ki ƙwanƙwasa ƙofa, ki faɗi sunanki, ki tambaye ni. Zan buɗe.

Ƙaninki,
Nasrullahi